Rufin gida a ƙasar Hausa: Yaushe ake gyara, yaushe ake sakewa?

A kowace shekara rahotannin damina daga arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar kan zo ne kashi biyu. A farkon damina iska ce ke yaye kwanon gidaje, idan kuma marka ta kankama a watan Agusta sai a fara jin labarin ɗakunan ƙasa da suka rufta kan masu barci.

A shekara ta 2022 gwamnatin Najeriya ta ce ruwan sama da ambaliya sun hallaka mutane fiye da 600, sun kuma rushe ko lalata gidaje sama da dubu 200.

A Nijar kuwa, daminar 2024 ta yi sanadin mutuwar mutane kusan 400, ta kuma shafi wasu kimanin miliyan ɗaya da rabi. Alƙaluman da hukumomin ƙasar suka bayar a farkon watan Satumba na shekarar sun nuna cewa waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. A cikin wannan watan ne tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Kafin nan, a ranar Juma'a 11 ga watan Agustan 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, inda aƙalla mutane bakwai suka rasu. Mai martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin aukuwar lamarin, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba.

Akwai kuma dalilin da ya sa rufin da ya ɗauki iyaye da kakanni ke neman gazawa a yanzu. Wani bincike da masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na Birtaniya suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa yawan manyan hadura masu zubar da ruwa mai ƙarfi a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982.

Nauyin da ke bisa kai

Rufin soro na gargajiya yana farawa ne da azara, wato gangar giginya da aka tsaga gida-gida. Ana jera ta a kan bango, a shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba laka a daddaɓe, a karkata ta kaɗan domin ruwa ya gangara zuwa indararo.

Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan nauyi idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita biyu. Wannan ne ya sa maginan Hausa suka ƙware wajen goya azara kan azara daga jikin bango, da gicciya ta a kusurwoyi, da kuma ɗaure ta a yi bakan gizo ko ɗaurin guga idan ana son zaure mai faɗi. Irin wannan aiki ne ya fito da sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Zariya a shekarun 1830.

Abin da mazauna ɗakin ba su cika lissafawa ba shi ne nauyin ƙasar. Busasshiyar laka mai kaurin santimita 20 tana kai kimanin kilogiram 350 a kan kowace murabba'in mita. Ke nan ɗaki mai tsawon mita huɗu da faɗin mita uku yana ɗauke da sama da tan huɗu na ƙasa tun kafin a yi ɗigon ruwa.

Idan ruwa ya samu hanya ya shiga cikinta, abu biyu ke faruwa a lokaci guda. Nauyin yana ƙaruwa, ƙarfin lakar kuma yana raguwa. Haka nan bakin azarar da ke binne a cikin bango ya jiƙe ya fara ruɓewa, a wurin da ido ba ya gani.

Shi ya sa ba a cika samun rushewa a ruwan farko ba. Ta fi aukuwa bayan an kwana biyu ko uku ana yayyafi babu rana, lokacin da ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi.

Maganin da magina suka gada shi ne yaɓe kafin kowace damina. Suna amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Raguwar marina a birane ta sa laso ya yi wuyar samu, don haka da yawa suka koma shimfiɗa leda a ƙarƙashin lakar sama, ko haɗa ƙasar da kwalta.

Leda tana aiki muddin ba ta huje ba kuma rana ba ta dukanta. Amma idan ta huje, ruwan da ya shiga ba ya samun hanyar bushewa.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne ƙara sabon yaɓe a kan tsoho shekara da shekaru ba tare da an kankare na baya ba. Santimita biyu a kowace shekara, cikin shekaru goma ya ninka nauyin rufin, alhali azarar da ke ɗauke da shi tsufa take yi.

Sai kuma indararo. Ganye ko leda ko sheƙar tsuntsu na iya toshe shi, saman soro ya zama tafki. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, wato kilogiram ɗaya. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 cikin dare ya kwanta a kan ɗakin nan mai murabba'in mita 12, an ƙara masa kilogiram 600.

Idan kuma indararon ya yi gajere, ruwansa a gindin bango yake sauka yana zaizaye shi. Ɗakuna da dama da ake cewa rufinsu ya faɗo, bangon ne ya fara zamewa daga ƙasa. Dakali a gindin bango da magudanar da za ta nisanta ruwa daga gini suna cikin kariyar rufi.

Ƙarancin azara

Giginya ta samu karɓuwa ne saboda gara ba ta cika cin ta ba, musamman ɓangaren waje na gangar namijin da ya manyanta. Sai dai itaciya ce mai jinkirin girma, wadda kan ɗauki shekaru gommai kafin ta isa sara.

Dazuzzukan giginya irin na Dallol Mauri da ke yankin Gaya a jihar Dosso sun daɗe suna ciyar da biranen Nijar da na maƙwabta da azara, har ta kai ga hukumomi sun sa dokoki kan yadda za a sare su.

Da azara mai kyau ta yi tsada, masu gini suka koma ga goruba da dalbejiya da itacen turare, ko kuma giginyar da ba ta ƙosa ba. Waɗannan ba su da juriyar azarar asali, saboda haka ɗakin da aka rufa da su yana bukatar a riƙa duba shi fiye da na da.

Kwano da tsatsa

Wani injiniya a birnin Landan mai suna Henry Robinson Palmer ne ya yi rajistar fasahar kwano mai tudu da kwari a 1829. Lanƙwasar ce ke bai wa siririn ƙarfe ƙarfin da zai tsallaka daga katako zuwa katako ba tare da ya lotsa ba. Ya yaɗu a ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, ya fara da tashoshin jirgin ƙasa da kantuna da gidajen gwamnati, daga baya ya zama alamar cewa mai gida ya samu.

Kwanon da aka fi sani ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya. Tutiyar ce ke kare shi, kuma a hankali take cinyewa. Ranar da ta ƙare a wani wuri, daga nan tsatsa ke kamawa.

Wuraren da ta fi farawa su ne ramin ƙusa, da inda falle ya hau kan falle, da bakin da aka yanka, da kuma kwarin da rufi biyu suka haɗu. Ƙurar hunturu da ganyen bishiya da suka taru a waɗannan wurare suna riƙe danshi, don haka share rufi kafin damina yana ƙara masa kwana.

Kafintoci na buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, domin kwarin hanyar ruwa ne. A gefe ana so falle ya hau kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, a tsaye kuma da aƙalla santimita 15. Idan rufin bai da gangara sosai sai a ƙara, saboda iska na iya tura ruwa ya koma sama ta tsakanin fallayen. Mai aikin da ke son bandir ɗaya ya rufe fiye da ƙarfinsa, a nan yake rage wa mai gida.

Kwano yana buɗewa da rana ya tsuke da dare. Wannan motsi na kullum yana sassauta ƙusa yana faɗaɗa raminta, kuma shi ne asalin yawancin yoyon da ake gani a rufin da bai yi tsatsa ba. Irin wannan ana magance shi da sake ƙusa mafi kauri ko noti mai roba, tare da liƙe ramin da kwalta ko manne na musamman.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a rufin kwano inda ruwa ke ɗiga a silin ba lallai ne nan ramin yake ba. Ruwa kan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Hanya mafi sauƙi ita ce a leƙa cikin silin da tsakar rana, a nemi inda haske ke shigowa da inda katako ya yi baƙi.

Dogon kwanon alminiyam ba ya irin wannan tsatsa, kuma da yake falle ɗaya ke tafiya daga ƙololuwa zuwa baki, mahaɗarsa kaɗan ce. Rauninsa shi ne laushi. A kasuwa ana samun mai kaurin milimita 0.45 da 0.55 da 0.7, ana kuma samun wanda bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama irin wannan kwano. Mai saye yana da damar ya nemi a auna kaurin a gabansa, domin araha ba ta ado.

Yadda iska ke ɗauke rufi

Haduran farkon damina daga gabas suke tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansu. A watan Yunin 2018 irin wannan iska ta hallaka mutane ta kuma lalata ɗaruruwan gidaje a garin Bauchi.

Lokacin da iska ke wucewa da gudu ta saman gida, matsin iskar da ke bisa rufin yana raguwa, sai ya zama ana tsotsar kwanon zuwa sama. Tsotsar ta fi tsanani a kusurwoyi da bakin rufi da ƙololuwa. Idan a daidai lokacin ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da iskar ke bugowa, iskar da ta cika ɗakin za ta tura rufin daga ciki.

Saboda haka ƙarfin rufi ya dogara ne kan yadda kowane sashe ya kama na ƙasa da shi. Kwano ya kama ƙananan katakai, su kuma su kama manyan, manyan su kama katakon da ke kwance bisa bango, shi kuma a ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne cikin linta ko cikin bango. Sau da yawa idan aka ga rufi ya tashi ɗungurungum da katakansa, wannan ɗauri na ƙarshe ne babu.

A bangon ƙasa ana so wayar ɗaurin ta sauka ƙasa sosai cikin ginin, yadda nauyin bangon zai riƙe rufin. Ɗora duwatsu ko bulo a kan kwano ba ya maye gurbin ɗauri, kuma idan iskar ta fi ƙarfinsu su ne ke faɗowa kan mutane.

Siffar rufin ma tana da tasiri. Binciken da aka yi a ƙasashen da ke fama da guguwa ya nuna cewa rufi mai gangara ta fuska huɗu ya fi mai fuska biyu jure wa iska, kuma gangara ta kimanin digiri 30 ta fi rufin da ya kusa kwanciya. Baki mai tsawo yana kare bango daga feshin ruwa, amma yana bai wa iska wurin kamawa, don haka sai an ƙara masa ƙusa da ɗauri.

Rawanin da ake zagaye rufi da shi yana kare bakin kwano daga iska. Matsalarsa ita ce magudanar da ke ɓoye a bayansa, wadda idan ta toshe ko ta tsage ruwan cikin ɗaki yake komawa.

Gara ma tana da nata rabon. Katakon da ba a shafa masa magani ba tana iya cinye cikinsa ta bar ɓawo, ƙusa kuma ba ta da abin kamawa. Kafintoci na shafa maganin gara irin su Solignum kafin a ɗora katako, wasu kuma baƙin mai.

Rufin kankare

Masu hali da yawa na ganin rufin kankare, wanda ake kira dekin, shi ne ƙarshen wahala. Yana da ƙarko idan an yi shi bisa ƙa'ida, amma shi ma yana yoyo.

Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke bi. Idan saman ba shi da gangara ruwa ya riƙa kwanciya, a hankali zai kai ga rodi. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren daga ciki. Alamarsa ita ce jan tabo a ƙasan rufin da ɓamɓarewar siminti har rodi ya bayyana. Idan abin ya kai haka, shafe wurin da filasta ɓoye cuta ne, aikin na injiniya ne.

Sabon kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai bayan kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Cire katakan tallafi da wuri domin a kai su wani aiki na cikin abubuwan da ke jawo rushewar sabbin gine-gine.

Kankare mai kaurin santimita 15 yana kai kimanin kilogiram 360 a kowace murabba'in mita, don haka ba a ɗora shi kan bangon ƙasa ko kan bulon da ba a yi shi domin hakan ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuma tan guda ne a wuri ɗaya, wanda ya kamata ya zauna bisa ginshiƙi ko bango.

Haɗarin asbestos

Gidajen ma'aikata da makarantu da asibitoci da yawa da aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1980 an rufa su ne, ko an yi musu silin, da fallayen siminti masu haɗe da asbestos.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'in asbestos yana haddasa cutar kansa, ciki har da ta huhu, kuma shaƙarsa a wuraren aiki na kashe mutane fiye da dubu 200 a kowace shekara a duniya. Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Cutar kan ɗauki shekaru 20 zuwa 40 ko fiye kafin ta bayyana.

Fallen da ke zaune lafiya bai cika sakin ƙura ba. Haɗarin yana wajen fasa shi, ko yanka shi da zarto, ko goge shi. Idan za a cire, ana jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle ba tare da an karya ba, a naɗe cikin leda mai kauri a binne. Ba a cike rami ko hanya da ɓaraguzansa, ba a kuma barin yara su yi wasa da su. Tsohon falle yana da gautsi, mutum na iya burmawa idan ya taka.

Gyara ko sakewa

Abin da ke raba gyara da sakewa shi ne halin da abin da ke ɗauke da rufin yake ciki. Idan azara ko katako ko rodi lafiyarsu lau, kusan kowane yoyo na iya gyaruwa. Idan su ne suka lalace, faci jinkiri ne kawai.

A ɗakin soro, alamun da ba a wasa da su sun haɗa da azarar da ta yi ciki ta lanƙwaso, da ƙasa ko garin itace da ke zubowa, da hanyar gara a jikin bango, da tsagewar da ke ƙara buɗewa musamman a kusurwa, da ƙofar da ta fara ƙin rufuwa bayan da tana rufuwa. Idan aka soka tsinin wuƙa a bakin azara ya shige cikin sauƙi, ta gama aiki.

Duk ɗakin da ya nuna waɗannan alamu a tsakiyar damina, matakin farko shi ne a kwashe mutane daga cikinsa a tokare rufin. Hawa saman soron da ya jiƙe domin a ƙara masa laka ƙarin nauyi ne a lokacin da ya fi rauni.

A rufin kwano, 'yan fallayen da suka huje ana iya canza su. Tsatsar da ba ta huda ba ana kankare ta a shafa fentin da ke hana tsatsa. Amma idan ta cinye mahaɗa a ko'ina, ko kwanon ya yi laushin da ba ya riƙe ƙusa, ko kuma layin ƙololuwa ya lotsa, kuɗin facin shekara-shekara zai wuce na sabon rufi. Ɗora sabon kwano a kan tsohon katakon da gara ta ci asara ce biyu.

Tsada ce ke sa mutane jinkiri. Bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 kayan gini sun yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Magidanta da dama kan raba aikin ɗaki-ɗaki, su fara da ɗakunan kwana.

Zafi da sauro

Wanda ya sauya soro da kwano ya huta da yaɓe, amma ya sayi zafi. Kaurin laka yana jinkirta shigar zafin rana, shi kuwa kwano a bazara yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ya riƙa turo zafin cikin ɗaki.

Silin yana rage wannan, musamman idan an bar ƙofofin da iska mai zafi za ta fita daga tsakaninsa da kwano. Launi ma yana da tasiri. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda hukumomi suka fara shirin shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti a 2017, an samu raguwar zafin cikin ɗaki da kimanin digiri biyu zuwa biyar. Kwano mai launin baƙi ko ruwan ƙasa da ake yayi a birane zafi yake tarawa.

Ratar da ke tsakanin bango da rufi kuwa ita ce babbar ƙofar sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wani gwaji da aka yi a garin Farafenni na ƙasar Gambiya, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2009, ya nuna cewa sanya raga a silin ko a ƙofofi da tagogi ya rage sauron da ke shiga gida da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a tsakanin yara. Lokacin sake rufi shi ne mafi sauƙin toshe wannan rata.

Haƙƙin maƙwabci da ɗan haya

Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi magana a kan rufi tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani an bayyana cewa idan bene na mutum biyu ne, gyaran ƙasa da itacen rufinsa yana kan mai ƙasan, kuma ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara.

Ibn al-Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan, ciki har da rigingimun indararo da bangon tarayya. Tushen hukuncin shi ne hana cutarwa. Wanda ya ɗaga rufinsa ko ya sauya masa fuska har ruwansa ya koma sauka kan bangon ƙasar maƙwabcinsa ya jawo masa cuta, ko da a cikin filinsa ya yi aikin.

Game da haya, Mukhtasar na Shehu Khalil ya tafi a kan cewa ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara, amma idan lalacewar mai cutarwa ce kamar yoyo, ɗan haya yana da zaɓin ya warware hayar ya tashi. A aikace, rubuta wanda gyaran rufi ke kansa a cikin yarjejeniya tun farko yana rage husuma.

Akwai kuma hadisan da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito da ke hana kwana a saman rufin da ba a kewaye shi ba, abin da ya shafi masu hawa soro ko dekin domin shan iska a lokacin bazara.

Rufi ba azara ba kwano

Ƙarancin itace ya sa aka farfaɗo da wata tsohuwar fasaha ta yankin Nuba da ke kudancin Masar da arewacin Sudan, inda ake jera tubalin ƙasa a karkace ya zama baka ko ƙubba mai riƙe kanta. Masanin gine-ginen Masar Hassan Fathy ne ya fito da ita a shekarun 1940 a ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luxor.

Ƙungiyar Development Workshop ta gabatar da ita a Nijar a 1980 a garin Chikal da ke yankin Filinge, daga bisani aka horar da magina a sassa daban-daban na ƙasar. A Burkina Faso kuma wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan ƙasar, Séri Youlou, sun kafa ƙungiyar la Voûte Nubienne a shekara ta 2000, wadda aikinta ya kai Mali da Senegal da Ghana da Benin.

Irin wannan ɗaki yana da sanyi, kuma iska ba ta da abin yayewa. Sai dai yana bukatar bango mai kauri da maginin da ya samu horo, kuma shi ma ba ya yafe yaɓe.

Lokacin aiki

Magina na kammala yaɓe ne a rani da bazara, domin laka ta bushe sarai kafin ruwan farko. Lokacin da ya fi dacewa a gano inda ke da matsala kuwa shi ne kaka, sa'ad da tabon ruwa ke nan a silin da bango, kuma akwai watanni a gaba na tanadin kuɗi da kayan aiki.

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha.

Mai hawa rufi ana so ya taka kan layin ƙusa inda katako yake, ya lura da wayoyin lantarki da ke kusa, ya kuma sauko da zarar hadari ya haɗo.

Rufi mai lafiya yana da wata riba. Gida mai rufin murabba'in mita 100 a wurin da ake samun ruwan sama milimita 800 a shekara, kamar yadda aka saba samu a yankin Kano, yana karɓar lita dubu 80, kwatankwacin jarka 3,200 mai lita 25. Idan aka sa masa magudana da tanki, aka bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube, ruwan da ke zaizaye gindin bango zai koma na wanki da wanka.